Ki Ce Wa Baba Ya Kashe Mota

Faɗi gaskiya, mai karatu: sau nawa aka yi maka juyen baƙin mai, kuma sau nawa ka dubi fuskar wanda ya yi? Ka miƙa makulli, ka nemi inuwa, ka dulmiya cikin wayarka. Mutum ya shige ƙarƙashin motarka, ya kwance abin da ran injinka ya rataya a kai, ya ɗaure, ya fito yana goge hannu, kai ko sannu ba ka yi masa ba. Ran da inji ya buga kuwa, bakinka ya fi na kowa kaifi.

To, ita ta duba.

Safiyar Talata ce. Wani mai juyen mai yana cikin rami a ƙarƙashin wata tsohuwar mota ruwan toka, ya sa sifana ke nan zai kwance kusar da ke toshe mai, sai ya ga inuwa ta tare masa haske. Ya ɗaga kai. Wata budurwa ce ta tsuguna a bakin ramin, ta tattare gefen rigarta da hannu ɗaya, tana leƙensa.

"Sannu da aiki. Me ya sa ka bar injin ya yi ta aiki kafin ka shiga?"

Shekara bakwai yana wannan sana'a, mai mota bai taɓa tambayarsa komai ba sai "ka gama?"

"Mai in ya ɗumama ya fi saurin zubowa, ranki ya daɗe. Kuma yana tahowa da dattinsa."

"To. Wannan gwangwanin da ka ciro fa, me kake nema a bakinsa?"

Daga ramin gefe aka ƙyalƙyale da dariya. Abokin aikinsa ne, wanda ake kira Minti Goma saboda bai taɓa wuce haka a kan mota ba.

"Hajiya, kin taɓo Farfesa! Yau sai la'asar za ki bar garejin nan."

Farfesa suke ce masa, don yana buɗe aljihun mota ya karanta littafinta kafin ya zuba mata mai, kuma kowace Asabar da yamma yakan tafi wani ajin koyon sana'a. A garejin babu wanda ya taɓa koya wa wani komai. Tsayuwa kake yi a bayan wanda ya riga ka, ka saci aiki da ido, ka kwashi daidai ɗinsa da kuskurensa gaba ɗaya, kuma ba mai gaya maka wanne ne wanne.

Farfesa ya fito daga ramin, ya nuna mata gwangwanin.

"Wannan filta ce, ita ke tace mai. Kin ga wannan zoben robar da ke bakinta? Wani lokaci in ka ciro tsohuwar, robar sai ta maƙale a jikin inji. In ba ka lura ba ka ɗaura sabuwa a kai, roba biyu ke nan. A nan gareji ba za ta ɗiga ba. Sai mota ta yi zafi a kan hanya, ana gudu, sai ta fashe, mai ya tsiyaye tas. Shi ya sa malaminmu ya ce kafin ka taɓa sabuwa, sai ka dubi tsohuwa."

Ta karɓi filtar da yatsu biyu, ta juya ta.

"Mu ma haka muke a ɗakin gwajin jini. Kwalba biyu iri ɗaya, masu su daban. Wanda ya ce ya iya har ya daina duba suna, shi ke kashe mutane."

Ta ɗago ta dube shi. Shi kuwa ya manta da tsumman da ke hannunsa, ya goge goshi da shi.

"Ka shafa baƙi a fuska," ta ce, tana danne dariya. "In motar Babana ta yi wani ƙara, wa zan kira?"

Motar ba ta yi ƙara ba. Amma bayan kwana uku saƙo ya shigo wayarsa:

"Injiniya, tambaya gare ni. Mota tana iya yin kewar wanda ya yi mata juye? Tamu tun jiya take kallon hanyar garejinku."

Ya karanta sau huɗu, ya goge amsa sau biyar, sannan ya tura:

"Tana iyawa, Mai Tambaya. Cutar tana kama kanikawa ma. Maganinta a kawo ta a duba, ko da lafiyarta ƙalau."

Daga nan sai hira ta yi tsawo. Yakan wanke hannu har sau uku da tsakar rana, ya je benci na ƙarƙashin bishiya a ƙofar asibitin da take aiki, su sha shayi a kofin takarda. Ita ce ke yi masa bitar darasin Asabar. Ta riƙe littafinsa, ta murtuke fuska kamar mai kula da jarrabawa.

"Me ya sa ba a ɗaure filta da ƙarfe?"

"Hannu ya isa. In ka matse da ƙarfe, ka murƙushe robar."

"Ka ci. Me ya sa kake kallona maimakon littafi?"

"Wannan ba ta cikin darasi, hasken idona."

"To ka faɗi."

Wata biyar suna haka, ran nan ta zo benci da idanu jajur. Ta ce ta gaya wa Mama, Mama ta gaya wa Baba.

"Me ya ce?"

"Ya ce in kawo masa mai sharar titi, zai sa albarka. Amma ban da mai juyen mai."

Sai ta ba shi labarin da ba a cika yi a gidansu ba. Baba ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa shugaban wani kamfani, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Wata rana ya kai motar aka yi mata juye. Washegari suna kan babbar hanya mai ya zube, inji ya buga, shugaban ya rasa taron da za shi. Masu garejin suka rantse ba daga wajensu ba ne, suka ce direba ne bai duba gejin mai ba. Aka sallami Baba a tsaye, ko kujera ba a ba shi ba.

"Tun daga ranar yake cewa ku ba kanikawa ba ne. Kusa ɗaya kuka iya kwancewa, ita ma ba ku san ta ba." Ta share hanci. "Kuma ga ɗan abokinsa, mai aikin ofis, ya fara zarya. Ƙanwata Mai Turare take kiransa, don in ya fita sai an buɗe taga."

Farfesa bai yi dariya ba. Ya dubi farcensa, inda baƙi ba ya fita ko da wane sabulu.

Mama ce ta yi aikin. Ba ta yi gardama da Baba ba, kullum dai in ta ajiye masa abinci sai ta ce, "Ai kai ba ka yanke hukunci a kan motar da ba ka tuƙa ba." Har ya gaji. Ya ce ranar Alhamis za su je gano yayar yarinyar da ta haihu, tafiyar awa biyu, zai biya ta garejin a yi juye, ya ga yaron da idonsa.

Ranar Alhamis Baba ya fito daga mota, dogo, siriri, da tabarau. Mama da 'yarta suka zauna a bencin masu jira. Baba bai zauna ba. Ya tsaya a bakin rami, hannu a baya.

"Wane mai za ka zuba?"

"Wanda littafinta ya ce, Baba."

"Tsohuwar mota ce. Ba mai kauri kuke ɗura wa tsofaffi ba?"

"Wasu suna yi. Amma injinta bai fara shan mai ba, na duba. In na sa mai kauri, da safe zai daɗe bai kai sama ba, ƙarfe ya ci ƙarfe."

Baba ya ɗan ɗaga gira. Ya sake jefo wata tambayar, Farfesa ya cafe. Ya jefo wata. Tun Farfesa yana amsawa da rawar murya har baki ya buɗe, ya shiga bayani yana waiwayen Baba, hannuwansa suna aiki su kaɗai a sama. Ya ciro tsohuwar filta, ya kife ta a tire ba tare da ya daina magana ba. Ya ɗaura sabuwa. Ya zuba mai, ya tayar da inji, ya leƙa ƙasa. Ko ɗigo babu.

Baba ya ja geji da kansa, ya goge, ya mayar, ya sake ja. Ya daɗe yana kallo.

"Ranar Asabar in ka taso daga ajin naka, ka biyo ta gida."

Mai Tambaya ta rufe baki da mayafi. Motar ta fita, Farfesa ya tsaya yana murmushi shi kaɗai har Minti Goma ya jefe shi da tsumma.

Bayan kamar minti ashirin ya koma rami don ya kwashe kaya. Ya ɗaga tsohuwar filtar daga tire, ya juya ta.

Bakinta ƙarfe ne zalla. Babu roba.

Ya duba tiren. Ya tsuguna ya lalube ƙasan ramin da hannu biyu. Ya zazzage tsumma. Babu. Wuri ɗaya ya rage da robar za ta kasance, kuma wurin yana kan babbar hanya da mutum uku a ciki.

Minti Goma ya leƙo, ya ga filtar, ya ga fuskarsa. Ya rage murya.

"Jefa ta shara. Wataƙila ma ta riƙe har su dawo. In ta fashe, ka ce filtar ce jabu. Wa zai sani? Haka kowa ke yi."

Maigidan garejin, wanda ya ji daga ƙofar ofis, ya ce, "Kar ka kuskura ka ɓata min sunan wuri a kan roba."

Farfesa ya ciro waya, yatsunsa suna zamewa a kan gilashin. Ya san abin da kiran nan zai ci. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa masu juyen mai sakarkaru ne, yau ɗin nan ya fara sassautowa, kuma shi da bakinsa zai je ya tabbatar masa da maganarsa. Ya kira Mai Tambaya. Ta katse. Ya sake kira, ta sake katsewa. Sai saƙo:

"Ina bayan Baba fa, Injiniyana, ba zan iya ɗauka ba. Tun da muka fito yake cewa yaron ya san aikinsa. Mama sai dariya take. Na kusa tashi sama."

Ya runtse ido. Sannan ya rubuta:

"Ki ce wa Baba ya sauka gefen titi ya kashe mota YANZU. Na yi kuskure. Tsohuwar roba tana jikin inji, na ɗaura sabuwa a kai. Kar ya ƙara ko taku ɗaya. Ki gaya masa ni ne."

Minti ɗaya. Biyu. Bai taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba.

"Mun tsaya. Gaban gada, bayan gidan mai na biyu. Bai ce komai ba."

Ya ɗauki galan na mai da sabuwar filta da tire. Maigida yana faɗa, yana cewa in ya fita kar ya dawo. Minti Goma ya yi tsaki, ya laluba aljihu, ya wurgo masa makullin babur ɗinsa.

"Mahaukaci. Ungo. Birkin baya ba ya ci sosai."

Ya same su a gefen titi, rana ta take. Mama da 'yarta suna tsaye a ɗan inuwar allon talla. Baba yana jingine da mota, ya harɗe hannuwa. Farfesa ya gaishe shi, bai amsa ba. Ya kwanta a kan tsakuwa mai zafi ya shige ƙasa. Wani siririn layin mai ya riga ya fara gangarowa daga bakin filtar. Ya kwance ta, ya sa farce ya ɓanɓaro tsohuwar robar daga jikin inji. Ya goge wurin, ya shafa da yatsa har zagaye biyu, ya ɗaura wata, ya cika mai. Sannan ya miƙe ya buɗe tafin hannunsa a gaban Baba.

Baba ya dubi robar.

"Filtar ce jabu?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"Wani ne ya taɓa motar bayan ka?"

"Ni kaɗai na taɓa ta. Ban dubi tsohuwar ba."

"Kai da ka san littafi? Me ya hana ka?"

"Ina ta surutu don in burge ka."

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kaɗa rigunansu. Baba ya buɗe ƙofa.

"Rufe bonet. Asabar ɗin nan ba sai ka zo ba."

Maigida bai kore shi ba, don babu wanda zai riƙe ramin, amma ya daina amsa gaisuwarsa. Farfesa ya yi ta aiki kamar wanda aka zare wa laka. Kunya ta hana shi rubuta mata ko kalma. A rana ta huɗu ya daure ya nufi bencinsu, sai ya hango wata mota mai sheƙi a ƙofar asibitin, Mai Turare cikin farar riga yana fitowa daga asibitin, ita kuma tana biye da shi da takarda a hannu. Bai ƙarasa ba. Ya juya.

Rana ta shida saƙonta ya zo:

"Baba ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Ni kaɗai aka bari da magana a duniyar nan?"

"Na ga Mai Turare a wajen aikinki. Ban ga laifinki ba. Shi bai taɓa barin iyayenki a rana ba."

"Jininsa aka ɗiba, sakarai. Asibiti ne, ba falon gidanmu ba. Ka iya tsayawa gaban Babana ka ce ni ne, amma ni ka kasa yi min tambaya ɗaya?"

"Ki yafe min, hasken idona."

"Sai na yi shawara. Ka ci abinci?"

A rana ta tara, da hantsi, Baba ya shigo garejin a ƙafa, ba mota. Ya wuce maigida, ya tsaya a bakin rami.

"Fito."

Farfesa ya fito, yana neman inda zai sa hannuwansa.

"Ran nan fitilar mai ba ta kama ba," in ji Baba. "Da ka yi shiru, da ta fashe a gaba, da na ce tsufan mota ne. Ko in ce jabun kaya. Na ba ka ƙofa biyu a bakin titi, ka ƙi fita ta ko ɗaya." Ya cire tabarau ya goge. "Kwana tara ina jin haushinka. Jiya na gane ba kai nake jin haushi ba. Wancan mai juyen da ya kashe min aiki, na koma wajensa sau uku. Ba so nake ya gyara komai ba. So nake ya ce ni ne, in samu abin da zan gaya wa matata. Ya rantse har da hawaye. Yanzu da na ga robar nan a hannunka, ina jin shi kansa bai san abin da ya yi ba. Ba wanda ya taɓa nuna masa."

Minti Goma ya ajiye sifana.

"Kai wa ya nuna maka?"

"Malaminmu na Asabar."

"Waɗannan fa?"

Baba ya nuna sauran ma'aikatan. Minti Goma ne ya amsa, yana sosa ƙeya.

"Wallahi Baba, shekarata goma sha ɗaya a rami. Sai a bakin Farfesa na fara jin maganar, kuma na ɗauka iyayinsa ne."

Baba ya juya ga maigida. Bai ɗaga murya ba.

"Motocin mutane kake karɓa ka miƙa wa waɗanda ba ka koya wa komai ba. Na san tsofaffin direbobi da yawa a garin nan, kuma duk suna jin maganata. Me zan ce musu a kan garejinka?"

Maigida ya yi ta kame-kame. A ƙarshe ya yarda da rabin awa kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, Farfesa ya maimaita musu abin da ya koyo. Ajin Asabar kuwa ya ce sai dai mutum ɗaya ɗaya, kar aiki ya tsaya.

Baba ya mayar da tabaransa, ya dubi Farfesa sama da ƙasa.

"Ka turo manyanka. Kuma in kana aiki ka rufe bakinka, ko surukinka ne ke tambaya."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ma'aikatan ɗakin gwaji suka zo, kanikawa suka zo da wankakkun kaya har ba a gane su, malamin Asabar ya zauna kusa da Baba suna musu a kan injinan da. Minti Goma ya rantse shi ya haɗa auren, tunda babur ɗinsa ne. Da aka zo rabuwa Mama ta riƙe hannun 'yarta. Baba ya dafa kafaɗar ango.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya. In ka saɓa mata, kai za ka fara cewa ni ne."

"In sha Allahu, Baba."

Amarya ta sunkuyar da kai, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Na gama shawara. Na yafe."

"Sai yau?"

"Ina duba abu sau biyu kafin in sa hannu, mijina."

Allah Ya bar su tare, Ya sa alheri a gidansu.

Amma gareji ɗaya ke nan, da rabin awa, kuma sai da tsoho ya tako a ƙafa aka samu. Sauran garejojin suna nan yadda suke, cike da mutane masu hannu da ƙwaƙwalwa waɗanda ba a taɓa zaunar da su an koya musu ba, sai zagi in abu ya lalace. Kai ma kana da garejin da kake zuwa. Wannan makon ka je, ka wuce rami, ka shiga ofis, ka tambayi mai wurin a gaban ma'aikatansa wane horo ya ba su da kuma yaushe. In ya ce ai sun iya, ka ɗauki makullinka, ka gaya masa ba za ka dawo ba sai ya tura su sun koyo.